Kafin a Sayi Na'urar Awo, a Tambayi Wa Zai Kula da Direbanta

Duk wanda ya taɓa kishingiɗa da waya a hannu ya ga hoton da ke sikirin ya juya da kansa, ya riga ya yi hulɗa da sensa. A cikin wayar akwai wani ɗan cif mai faɗin 'yan milimitoci, aikinsa jin ɓangaren da ƙasa ke janyo wayar. Kusa da inda ake ɗora kunne akwai wani da ke gane fuska ta matso, sai ya kashe sikirin don kada kunci ya latsa abin da ba a nufa ba. Wani yana auna hasken wuri, wani zafin batir. Dangin waɗannan ƙananan ma'aunai ne ke cikin inbatar sola, da firjin ajiye allurar rigakafi da dole sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, da mitar wuta, da sikelin da ke nuna nauyi da lambobi, da tashoshin auna ruwan sama. Tun 2020 ma kamfanin Google yake amfani da sensar motsi ta wayoyin Android wajen gano girgizar ƙasa da gargaɗin mutane kafin ta iso inda suke.

Mai saye yakan duba ƙarfe da kwali da farashi, ya tambayi garanti. Da wuya a ji ya tambayi ƙaramar manhajar da ke tsakanin sensar da kwamfutar, wadda ake kira direba. Alhali a na'urori masu yawa ita ce ke yanke tsawon rayuwar kayan. Sensa na iya zama lafiya lau, wayoyinta ba su tsinke ba, amma ta zama tarkace ranar da aka rasa direban da zai yi magana da ita. Wannan tambaya ya kamata ta shiga bakin duk hukumar da ke sayen kayan awo da kuɗin jama'a, kuma duniyar Linux ta riga ta nuna amsar da ya dace a nema.

Sai an fahimci yadda awon ke tafiya kafin a ga dalili. Zafi da nauyi da haske ba su zuwa a lambobi. Sensa tana mai da su ƙarfin lantarki mai hawa da sauka a hankali, kwamfuta kuwa lambobi kaɗai ta sani. Tsakaninsu akwai wani cif da ake kira ADC, wanda ke leƙa ƙarfin wutar ya ba shi lamba. Shahararriyar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, wadda ɗalibai ke amfani da ita a ko'ina a duniya, ba ta zo da ADC a jikinta ba, shi ya sa ake ɗaura mata irin MCP3008 na kamfanin Microchip ko ADS1115 na Texas Instruments. Na farkon yana da ƙofofi 8, yana raba wutar da ya gani zuwa matakai 1,024. Na biyun ƙofofinsa 4, amma matakansa sun kai 65,536, don haka yana jin canjin da ɗan'uwansa ba zai ji ba.

A ɗauki mai gyaran sola da ke son sanin halin batir mai bolt 12. MCP3008 da aka saita a kan bolt 3.3 ba zai iya ɗaukar bolt 12 kai tsaye ba, zai ƙone. Sai a sa ƙananan resista biyu su rage wutar, a ce zuwa kashi ɗaya cikin biyar. Cif ɗin ya duba ya ce 782. Wannan lamba ita kaɗai ba ta gaya wa kowa komai. Sai an san cewa kowane mataki milibolt 3.22 ne, a ninka a sami kusan bolt 2.52, a sake ninkawa da biyar a sami bolt 12.6, sannan a ce batir ya cika. Tsakanin cikakken batirin dalma da wanda ya sha rabi, tazarar ba ta wuce kimanin rabin bolt ba, wato matakai talatin da 'yan kai a idon wannan cif. Kuskure kaɗan a lissafin ya isa a riƙa zuƙe batir fiye da kima har ya mutu kafin lokacinsa, mai gida kuma ya ɗora laifin a kan wanda ya sayar masa.

Wannan lissafi, da sanin yadda ake tada cif ɗin, da wace lamba ake aika masa, da tsawon jiran da ake yi kafin ya amsa, duk aikin direba ne. Direba kuwa yana zaune ne a cikin kenel, wato zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda ke raba lokaci da ƙwaƙwalwa tsakanin ayyuka, kuma ita kaɗai ke da izinin taɓa kayan ƙarfe kai tsaye. Kenel ɗin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, shi ne ke ƙarƙashin kowace wayar Android, da yawancin na'urorin raba intanet na gida, da ɗimbin injinan masana'antu. A farkon 2025 layukan kod ɗinsa sun haura miliyan 40, kuma mafi yawansu direbobi ne.

Shekaru da dama sensa ba ta da gida a cikin wannan katafaren gini. Akwai sashen da ake kira hwmon, wanda ke lura da zafin kwamfuta da gudun fankarta, amma an gina shi ne don awon da ake yi jefi-jefi. Akwai sashen da ke karɓar abin da mutum ya latsa a madannai ko ya taɓa a sikirin, wasu kamfanoni suka riƙa cusa sensar motsi a cikinsa kamar wata sandar wasan gem. Sauran kuwa kowa ya yi gaban kansa. Kamfani ya ƙera cif, ya rubuta masa direba da tsarin da ya ga dama, mai rubuta manhaja kuma ya sake koyon sabon yare duk lokacin da aka canza cif.

Wani Baturen Ingila mai suna Jonathan Cameron ne ya ɗauki nauyin gyara wannan. Yana aikin bincike a Jami'ar Cambridge a kan sensar da ake ɗaura wa 'yan wasan motsa jiki, ya ga babu sashen da ya dace da abin da yake buƙata, sai ya fara gina sabo. Sashen, mai suna Industrial I/O, wanda aka fi sani da IIO, ya shiga zauren jira na kenel da ake kira staging a 2009, inda ake ajiye kod ɗin da bai gama nuna ba. A 2012, a fitowa ta 3.5, ginshiƙinsa ya bar zauren ya shiga cikin gida. Yau yana ɗauke da ɗaruruwan direbobi: na motsi, na juyi, na maganaɗisu, na haske, na matsin iska, na danshi, na ƙurar iska, na sinadarai, da na ADC iri-iri. BME280 na kamfanin Bosch, MPU-6050 na InvenSense, HX711 da ake sawa a sikeli, har da DHT11 mai arha da kusan kowane ɗalibin lantarki ya taɓa riƙewa, duk suna da direba a can.

Babban abin da IIO ya kawo shi ne daidaita ma'auni. Duk wanda ya saba da kasuwar hatsi ya san mudun wannan gari ba lallai ya yi daidai da na wancan ba, kuma rigimar da ke tasowa daga nan ba ƙarama ba ce. IIO ya ce mudu ɗaya za a yi amfani da shi. Kowace sensa tana bayyana a matsayin jaka mai ɗauke da ƙananan fayiloli, kuma sunayen fayilolin ba sa canzawa daga kamfani zuwa kamfani. Wanda ya buɗe fayil mai suna in_voltage0_raw zai ga ɗanyar lambar da cif ya bayar, irin 782 ɗin nan. Kusa da shi akwai fayil na biyu mai faɗin abin da za a ninka ta da shi. An ƙayyade cewa sakamakon wutar lantarki zai fito a milibolt, na zafi a kashi ɗaya cikin dubu na digiri, na matsin iska a kilofaskal, na motsi a mita cikin daƙiƙa sau daƙiƙa. Ajiye waya a kan tebur, ɗaya daga kusurwoyinta uku zai nuna kusan 9.8, jan ƙasa ke nan, ko cif ɗin na Jamus ne ko na Amurka ko na Sin. Hatta resista biyun nan masu rage wuta akwai yadda ake bayyana su a fayil ɗin da ke siffanta allon na'urar, kenel ya yi ninkin da kansa. Amfanin wannan a fili yake: idan cif ya ɓace daga kasuwa aka maye gurbinsa da wani, manhajar da ke sama ba ta buƙatar a sake rubuta ta.

Sai batun lokaci, wanda masu koyo suka fi rainawa. Auna zafin ɗaki sau ɗaya a minti ba ya buƙatar wata dabara. Amma wutar da ake rabawa a Nijeriya da Nijar tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, kowane zagaye milisakan 20 ke nan. Mai son ganin siffar wannan wuta, ko jin karkarwar injin ban-ruwa don gane boris ya fara ci kafin ya kama, dole ya ɗauki awo sau ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa, kuma tazarar da ke tsakanin awo da awo ta zama daidai. Ƙaramar manhajar da ke karantawa, ta yi barci, ta farka ta sake karantawa, tana iya makara da milisakan 2 saboda kwamfutar ta shagala da wani aiki. Kashi ɗaya cikin goma na zagayen ya tafi ke nan, kuma lambobin da aka tara za su yi kama da gaskiya alhali sun karkace. IIO ya tanadi abin da ke tada awon a daidai lokaci, ko daga agogo ko daga siginar da cif ɗin kansa ke bugawa idan ya shirya, ya tara sakamakon a ma'ajiya, ya buga wa kowane awo hatimin lokaci. A Nuwamban 2024 kuma, a fitowa ta 6.12, aikin da aka shafe kusan shekara 20 ana yi na sa Linux ya riƙa amsa kira cikin ƙayyadadden lokaci ya shiga uwar kenel, wato asalin kenel ɗin da kowa ke ɗiba daga gare shi, abin da masu sarrafa injina suka daɗe suna jira.

IIO yana da wa, sunansa Comedi. David Schleef ya fara shi a ƙarshen shekarun 1990 don katunan tattara awo da ake sokawa cikin kwamfutar tebur a ɗakunan gwaje-gwaje, irin na National Instruments da Advantech. Ya yi shekaru a waje, ya shiga zauren jira a 2009, bai fita ba sai 2021 a fitowa ta 5.13. Shekara 12 ana goge shi layi bayan layi, mafi yawan aikin a hannun mutum biyu, Ian Abbott da H Hartley Sweeten. Wani zai ce wannan jinkiri ya yi yawa, kuma da gaskiyarsa. Amma sakamakon shi ne katin da aka ƙera tun kafin a haifi ɗaliban jami'a na yau yana iya aiki da kenel na bana, a ɗakin gwajin da ba shi da kuɗin sayen sabo.

Me ya sa zama cikin uwar kenel yake da wannan tasiri? Dalilin yana cikin wata ƙa'ida da masu Linux suka riƙe da gangan. Fuskar da kenel ke nuna wa manhajojin waje ba a karya ta. Torvalds ya yi suna wajen tsawatar wa duk wanda ya kawo canjin da ya lalata manhajar da ke aiki jiya. Amma cikin gidan ana sake fasalinsa kullum, sabuwar fitowa tana zuwa duk mako 9 ko 10 da hannun kusan mutum 2,000 a ciki. Dokar ita ce duk wanda ya canza wani abu a ciki, shi zai bi duk direbobin da ke cikin gidan ya daidaita su da canjin. Direban da ke ciki yana samun wannan hidima kyauta, daga mutanen da ba su taɓa ganin cif ɗinsa ba. Wanda aka ajiye a waje, a faifai ko a shafin kamfani, babu mai waiwayarsa. Bayan fitowa kaɗan sai ya ƙi haɗuwa da sabon kenel.

Daga nan mai na'urar yana da zaɓi biyu, duka marasa daɗi. Ko ya tsaya a tsohon kenel da ba a ƙara toshe masa ɓarakar tsaro, alhali na'urar tana jone da intanet, ko ya sabunta ya rasa sensarsa. Idan kamfanin ya bayar da direban a rufe, ba tare da kod ɗin da za a karanta ba, ko injiniyan da ya fi kowa ƙwarewa ba shi da abin yi. Idan kamfanin ya rufe ko wani ya saye shi, magana ta ƙare.

Wayoyin hannu su ne babban misali. Kodayake Android a kan Linux yake, kenel ɗin da ke cikin waya yakan ɗauki ɗimbin kod na kamfanin da ya ƙera cif, wanda bai taɓa shiga uwar kenel ba, kuma sensar wayar galibi tana bin hanyar da kamfanin ya shimfiɗa wa kansa. Wannan na cikin dalilan da waya ke daina samun sabuntawa bayan 'yan shekaru alhali ƙarfenta garau yake. Masu aikin sa kai na postmarketOS, da suka fara a 2017 da burin waya ta yi shekara 10 tana aiki, suna kashe lokaci mai yawa wajen sake rubuta direbobin da tun farko da kamfanonin sun shigar da su ciki da an huta. A ƙasashen da ake sayen waya ta hannu, a gyara ta, a miƙa wa ƙane, asarar ta fi ciwo.

Lamarin ya ƙara tsanani a 2023, lokacin da aka sanar cewa kenel mai dogon wa'adi, wanda a da ake kula da shi har shekara 6, zai koma shekara 2, ko da yake ana ƙara wa wasu wa'adi idan masu amfani da su sun sa hannu a aikin. Dalilin da aka bayar shi ne masu kula sun gaji, kuma tsoffin ba sa samun masu gwada su. Akwai shirin Civil Infrastructure Platform da aka kafa a 2016 ƙarƙashin Gidauniyar Linux, inda kamfanoni irin Siemens da Hitachi da Toshiba ke haɗa kuɗi don kula da wasu zaɓaɓɓun kenel na aƙalla shekara 10, saboda jirgin ƙasa da tashar wuta ba a canza su duk shekara biyu. Abin lura shi ne shirin nan ma ƙa'idarsa ita ce gyara ya fara shiga uwar kenel kafin a dawo da shi tsohon. Manyan kamfanonin da suka fi kowa kuɗi sun gano cewa riƙe direba a gefe ya fi ƙarfin aljihunsu.

To ina ga ƙasashen da ke sayo kusan duk kayan awonsu daga waje? Wani bincike da Lora Perry da Robert Malkin na Jami'ar Duke ta Amurka suka wallafa a 2011 ya duba kayan asibiti sama da 112,000 a ƙasashe 16 masu tasowa, ya tarar kimanin kashi 38 cikin ɗari ba sa aiki. Dalilan da suka fi yawa su ne rashin horo, da rashin tsarin kula da kayan, da raunin wuta da sauran abubuwan more rayuwa. Binciken ba a kan direba aka yi shi ba, amma darasinsa ya shafi batun: kaya na mutuwa ne a inda ba a tanadi mai kula da su ba, kuma yau da kusan kowace na'ura ke ɗauke da kwamfuta a cikinta, manhaja ta shiga jerin abubuwan da ke buƙatar kulawa.

Awon yanayi ya fi nuna girman matsalar. Hukumar Yanayi ta Duniya tana fitar da matsakaicin yanayin wuri ne daga awon shekara 30. Hukumar yanayi ta NiMet a Nijeriya, da cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974, da hukumar NIHSA mai bibiyar tashin kogunan Neja da Binuwai a wurare irin Lakwaja, duk darajar aikinsu tana cikin jerin lambobin da ba su yanke ba. Manomin da ke jiran a faɗa masa lokacin shuka, da mazaunin bakin kogi da ke sauraron sanarwa idan an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, a kan wannan jeri suke dogaro ko sun sani ko ba su sani ba. Na'urar da manhajarta za ta tsufa cikin shekara uku ba ta dace da aikin da ake auna shi da shekara talatin ba, komai kyan kwalinta.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Na farko, shigar da direba uwar kenel yana cin lokaci. Mutum ya aika facinsa, wato kod ɗin da yake son a ƙara, a dawo masa da shi da gyare-gyare, ya sake aikawa, wani lokaci har zubi na bakwai ko na goma, watanni suna wucewa, kamfani kuwa yana da ranar da ya yi wa abokan ciniki alkawari. Wannan gaskiya ne. Sai dai abin da ake samu a wannan jira shi ne idon ƙwararrun da suka karanta ɗaruruwan direbobi irinsa, suka san inda ake tuntuɓe, kuma ba su karɓi ko sisi daga wurinsa ba. Kuɗin da aka ƙi kashewa a watannin nan ana biyansa ninki daga baya, sai dai mai saye ne ke biya.

Na biyu, ba kowace na'ura ke amfani da Linux ba. Yawancin ƙananan alluna irin Arduino da ESP32 ba su da ƙarfin ɗaukarsa, kuma ga aikin da bai wuce karanta sensa ɗaya a aika lamba ba, su ne suka fi dacewa, sun fi arha, sun fi tattalin batir. Babu mai cewa a jefar da su. Amma tambayar ba ta canza ba ko a nan: kod ɗin a buɗe yake, kuma akwai jama'ar da ke kula da shi, ko kuwa yana cikin laftof ɗin mutum ɗaya?

Na uku shi ne mafi nauyi. Uwar kenel kanta a wuyan mutane ƙalilan take. Cameron yana kula da IIO tun kafuwarsa, da taimakon 'yan masu duba faci. Direban da ya rasa mai amfani da mai kula, ana iya cire shi bayan an yi cigiya ba a ji kowa ba. Duniya ta ga haɗarin barin muhimmin kod a hannun mutum ɗaya da ya gaji a Maris ɗin 2024, lokacin da aka gano an dasa ƙofar ɓoye a manhajar xz bayan wani ya yi shekaru yana neman amincewar mai kula da ita. Maganin wannan rauni shi ne masu cin moriyar aikin su ƙara hannu a cikinsa. Komawa ga direbobin da ke rufe ba zai rage haɗarin ba, zai dai ɓoye shi.

Wasu kamfanoni sun gane haka tun tuni. Analog Devices na Amurka, wanda ya fitar da sensar motsi ta jakar iskar mota a farkon shekarun 1990, yana biyan injiniyoyi su shigar da direbobin kayansa cikin IIO, ya kuma saki manhajar libiio kyauta don a riƙa karanta sensa ko daga wata kwamfuta ta hanyar sadarwa. Ba sadaka yake yi ba. Ya lissafa ya ga cif ɗin da ke aiki da zarar an jona shi ya fi saurin sayuwa.

Ƙofar kuma ba ta manyan kamfanoni kaɗai ba ce. A Jami'ar São Paulo ta Brazil, wata ƙungiyar ɗalibai mai suna FLUSP ta riƙa zama tana gyara direbobin IIO da ke zauren jira, daga ƙananan gyare-gyare har wasunsu suka kai ga rubuta sabon direba sukutum. Shirye-shiryen horarwa irin Outreachy da Google Summer of Code sun sha ɗaukar masu koyo a wannan sashe, saboda direban sensa ƙarami ne, ana iya karance shi a zama ɗaya, kuma kayan gwajinsa ba su da tsada. Abin da ake buƙata shi ne laftof, da ƙaramin allo, da cif, da takardar bayanin cif ɗin, da sanin yaren C, da haƙurin karɓar gyara a bainar jama'a.

Kowace shekara, a sassan injiniyan lantarki da kimiyyar kwamfuta na jami'o'i da kwalejojin fasaha daga Zariya zuwa Kano zuwa Yamai, ɗalibai suna haɗa na'urar auna danshin ƙasa ko zafin ɗakin kaji a matsayin aikin kammala karatu. Da yawa kod ɗin kwafo shi ake yi daga intanet, a nuna wa malamai ranar kare aiki, a ɗaure rahoto da bango mai kauri, a ajiye a kanta. Da malami ɗaya a kowane sashe zai ce wa ɗalibai biyu ko uku aikinsu shi ne su sa cif ɗin da ba shi da direba ya samu, ko su gyara wanda ke zauren jira har a karɓa, da sun fita da abin da kowane mai ɗaukar aiki a duniya zai iya dubawa da idonsa, domin sunan marubucin faci yana zama a tarihin kenel. Ƙasar kuma da ta sami mutanen da idan tashar awo ta tsaya za su iya buɗe ta su karanta abin da ke ciki, ba sai an jira injiniya daga ƙetare ba.

Turai ta riga ta fara ɗaure masu ƙera kaya da doka. Dokar Tarayyar Turai kan tsaron kayan da ke ɗauke da manhaja ta fara aiki a Disamban 2024, kuma daga Disamban 2027 za a tilasta wa kamfanoni su ci gaba da toshe ɓarakar kayansu na aƙalla shekara 5, sai dai in kayan ba a yi su don su kai haka ba. Kasuwannin da ba su da irin wannan doka su ne za a riƙa juye wa abin da Turai ta ƙi.

Ba sai an jira majalisa ba. Jami'in da ke rubuta sharuɗɗan kwangilar sayen tashoshin yanayi, ko mitocin sola na asibitocin karkara, ko kayan ɗakin gwajin jami'a, yana da ikon ƙara layuka kaɗan a takardar tun yau. Ɗan kwangila ya faɗi sunan kowace sensa da ke cikin na'urar. Ya faɗi wane kenel take amfani da shi da ranar da wa'adinsa zai ƙare. Ya nuna ko direbobin suna cikin uwar kenel, in kuma ba sa ciki, ya miƙa kod ɗinsu tare da kayan, wanda lasisin GPL na Linux ya riga ya ba mai saye haƙƙin nema a kan kenel ɗin da aka sayar masa. Ɗan kwangilar da ya kasa amsa waɗannan, kada a sa masa hannu.